Ƙafar Fara

Ƙuruciyata kaf a kan ƙafar fara ta ƙare. A jami'ar da na koyar, tsallaken kogi daga gidanmu na garin Springfield a Amurka, ina da ɗakin bincike inda nake kiwon fara a keji, ina ba su latas da tsiron alkama. Abin da nake bibiya shi ne yadda saƙo ke bin jijiya ya isa ƙafar baya, har farar ta naɗe ta ta yi tsalle. Nakan soka waya siririya kamar gashi a cinyarta, in zauna ina jin jijiyar tana ƙas-ƙas ta lasifika. 'Yan uwana sun sha yi mini tsiya, wai na haye teku don kamun fara. Ni kuwa ban taɓa gajiya da wannan sautin ba.

Sai aka janye tallafin binciken. Shugaban sashe ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye cikin ladabin nan nasu mai ƙona rai, ƙarshenta dai ɗakin za a ba wasu, ni kuma ba za a sabunta mini aiki ba. Doka ta hana sakin fara a waje. Da hannuna na kwashe su na zuba a firiza, na tsaya har motsinsu ya ɗauke. Na kasa jefa su a shara, na ɗauro su a leda na taho gida.

Lokacin mahaifiyata tana wurina, ta zo daga Katsina a duba mata ido. Ban gaya mata komai ba. Da sana'ar suyar fara ta ɗauki nauyin karatuna, kuma duk wanda ta yi waya da shi sai ta sanar da shi 'yarta malamar jami'a ce a Amurka. Ta ina zan soma?

Washegari na dawo daga cefane na tarar ta gano ledar. Ta shimfiɗa tire a kicin, ta daka yaji, ta ɗora mai a wuta. Tun zuwanta ban ga fuskarta ta washe haka ba. Ta ce wannan fara ta ci ta ƙoshi, ko a Maraɗi ba a samun irinta, lallai mutanen wurin aikina sun san mutunci. Tana magana tana fige fukafukai, tana ɓalle ƙafafun baya tana tara su gefe, don su ba a ci, maƙale wa mutum suke a wuya. Na tsaya ina kallon tulin ƙafafun nan, ko kayan cefanen da ke hannuna ban ajiye ba.

Ta soya, ta barbaɗa yaji, ta tura mini kwano. Na ci, don ban taɓa mayar mata da abinci ba.

“Idan kin je aiki gobe, ki yi musu godiya,” ta ce. “Ki tambaya ko da saura.”

“Babu saura, Inna,” na ce. “Su ke nan duka. Aikin ma ya ƙare.”

Ta daɗe tana dubana da idonta mai lafiya. Sannan ta janye kwanon daga gabana a hankali, ta rufe shi da faranti.