Tumun kakana

Jiya a kasuwar Dogon Dutsi ƙamshin tumu ya tare ni, na tsaya kamar an kira sunana. Kakana na tuna.

Shi ya miƙa ni lakwal, makarantar boko, shekarar da kwamandan Nasara ya ce kowane gida na mai gari ya ba da ɗa. Mata sun yi kuka, wasu suka ce ya sayar da ni ga Nasara. Abin ya zauna mishi.

Duk hutun damina, in na komo ƙauyenmu kusa da Tibiri, sai ya karyo sabon gero ya gasa, ya murje da tafinsa mai kaushi, ya hure ƙaiƙayi, ya zuba mini da ɗuminsa.

«Matata, gaya mini gaskiya. Can kina jin daɗi?»

«Tsoho, wane daɗi? Sai na samu birbe tukun.»

«Birben nan cin shi akai?»

«Takardar gama karatu ce!»

Ya yi dariya, amma hannunsa ya bar murza.

Ni na ɗauka daɗi yana gaba, sai an kai gare shi. Shi kuwa so yake ya ji bai cuce ni ba. Ga birbe, ga aji ina koyarwa, shi yana ƙasa, bai taɓa jin «i» daga bakina ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Tsoho, ya isar maka: ba ka cuce ni ba.