Labarin Bayan Katanga da Na Kai wa Iya

Ƙarar dutsen niƙa ce ta fara komai. Ba irin ta namu dutsen ba ce mai kai da komo. Wannan zagayawa take yi, gur-gur-gur, a hankali, daga bayan katangarmu a gidajen malamai na Kankiya. Lokacin maigidana yana koyarwa a sakandare, shekarun da arzikin mai ya jawo malamai daga ƙasashe masu nisa. Na san matar malamin lissafi ce, Ba'indiya, amma ban taɓa ganin fuskarta ba. Ranar da sauraron ya ishe ni, sai na dama fura, na yafa mayafi, na riƙe hannun ɗiyata muka zagaya.

Na same ta zaune a ƙasa tana niƙa jiƙaƙƙiyar shinkafa, baƙa siririya kamar 'yar ƙauyenmu. Ga rikoda a gefenta, wani namiji yana magana a ciki da murya ƙasa-ƙasa. Ɗan Turancin da na samo a makarantar 'yan mata ya yi mana rana. Ta ce fim ne sukutum aka naɗa a kaset, murya kawai babu hoto. Kuma ba yaren fina-finan da samari ke zuwa Katsina kallo ba ne, nasu daban ne, Tamil sunansa. Ta kalle shi a garinsu har ta haddace, yanzu rufe ido kawai take yi ta ga sauran.

Ban taɓa shiga silima ba, ban kuma yi sha'awa ba. Amma wannan fim na gan shi, kaɗan-kaɗan bayan azahar, tana tsayar da kaset tana ba ni labari. Wani mai gonaki ne da matarsa ta rasu, da wata mai yi masa aiki tun tana budurwa. Kowace safiya takan kawo masa gahawa a kofin tagulla. Ba ta miƙa masa a hannu, sai ta ajiye a dandamali ta ja da baya. Idan ruwa ya tsuge tana gona, sai ta tarar da lemarsa a jingine jikin itace, shi kuwa ya wuce gida a jiƙe kamar mantawa ya yi. In kaset ya yi shiru, ba a jin komai sai zubar ruwa, maƙwabciyata takan ce yanzu kallon juna suke yi. A zuciyata na ba su fadamar Rimaye, na dasa musu giginya a gurbin kwakwa.

Duk hutun da muka je gidan su maigidana a Kusada, nakan tafi da abin da na ji, in zube wa matan gida muna ɓarar gyaɗa. Ranar farko matar yayansa ta tare ni, wai ba a tatsuniya da rana, so nake su ɓace a hanyar kasuwa? Na ce ba tatsuniya ba ce, labari ne, da kunnena na ji muryoyin mutanen. Aka yarda a kan haka.

Wadda ta fi kowa kasa kunne ita ce Iya. Ba ta haifi kowa a gidan ba. Daga Dudunni aka kawo ta aiki tana yarinya, ta yi aure can baya, auren bai daɗe ba ta dawo. Da uwar maigidana ta rasu, ita ta raini yaran, ta dafa wa mahaifinsu tuwo har ranar da ya koma ga Allah. Ba a taɓa jin wata magana a tsakaninsu ba. Amma har lokacin da nake ba ku labari, kullum sai ta wanke butarsa ta cika ta da ruwa ta ajiye a ƙofar turakar da ba kowa a ciki. Duk inda na dasa aya, tambayarta ɗaya ce:

"To, ya yi magana?"

Nakan ce tukuna, Iya. Sai ta ce wannan mutum akwai nauyin baki, ta ci gaba da ɓararta.

Ƙarshen damina muka kai ƙarshen kaset. Mai gonakin ya sa fararen kaya ya nufi bukkar mai aikin don ya faɗa mata abin da ke ransa, ya tarar da ƙofa a buɗe, kofin a wanke a kife. Surutun dangi ya kore ta, ta bi jirgin ƙasa na asuba. Muka ji kukan jirgin yana nisa har ya ɓace. Maƙwabciyata ta share hawaye da gefen zanenta tana yi wa kanta dariya.

A makon aka aiko Iya ba lafiya, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fita tsakar gida. Tun a mota abin ke damuna. Na riga na ce wa matan gida labari ne, ba zan sa masa abin da ban ji ba, ina tsoron Allah. Kuma ba zan iya duban idon Iya in kai mata kukan jirgin nan ba. Da la'asar ta yi mani tambayarta daga kan gado. Na ce ta bari sai an yi magariba.

Da muka idar da salla na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, yara suka kewaye ni, sararin sama bai gama rufewa ba. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Matan gida suka dubi juna. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da aka buɗe da wannan, an ba mai faɗa izinin ƙirƙira. Iya ma ta sani. Ta dube ni ta amsa tare da yara, a hankali, cewa ta zo mu ji ta.

A tawa, ruwa ya cinye gada, jirgi bai zo ba. Ya same ta a tasha ta rungume ƙunshin kayanta. Wannan karon bai jingine lemar ba, da hannunsa ya riƙe mata.

"Me ya ce mata?" in ji Iya.

"Ya ce ta tashi su koma gida, hadari na sake haɗowa."

Ta yi dariya har da tari. "Iyakar abin da ya iya ke nan? To, ya isa. Ai ta gane."

Ta sa aka ɗauko mata butar, ta ajiye kusa da matashinta ta lumshe ido. Na naɗe tabarma na koma ɗaki. Ina warware sallaya don isha'i sai ga ɗiyata ta shigo, ta ja mani gefen zane.

"Inna, kin manta ba ki yi ƙurungus ba. Amma Iya ta ce in ce maki kar ki yi, wai ki bar mata ita a buɗe."