Baba Hezekiya, Mai Hannu a Baya

Kafin in ɗaga ƙofar shagon ɗinkina a Congo-Russia, Baba Hezekiya Gyang ya riga ya buɗe nasa. Bango ɗaya ya raba mu, janareta ɗaya muke ja, kuma shekarun da muka yi a haka sun isa a haifi yaro har ya gama sakandare. Da sassafe zai zo cikin suwaitarsa mai ruwan toka, don sanyin Jos ba ya raga wa tsoho, ya yaye zannuwan da ya lulluɓe kwamfutocinsa da su, ya goge su, ya yi 'yar addu'arsa, sannan ya leƙo ya ce, "Oga tela, an tashi lafiya?" Daga nan sai jiran ɗalibai.

Ɗaliban nasa kuwa ba yara ba ne. Masinja ne mai furfura, ko malamar firamare da goyo a baya, ko matar fasto daga Tudun Wada, ko mai sayar da atamfa daga Gangare. Duk sun shiga jami'ar nan ta karatu daga gida, inda mutum ke karatu yana kan sana'arsa, ya aika aikin gida ta intanet, in lokaci ya yi ya je cibiya ya zauna jarrabawa. Digirin talaka ke nan, ba kama ɗakin kwana, ba barin aiki. Baba ya san hanyoyin sauƙaƙa shi. In ka zo da difiloma zai ce, "Don me za ka sake karanta abin da ka riga ka ci jarrabawarsa? Je ka nuna musu, su tsallake maka aji." Wanda ya gama da littattafansa kuma ya bar wa na baya a kan kantar shagon, haka tsarin yake.

Sai dai fa Baba yana da wani hali da ya sha sa ni yi masa tsiya. Ba ya taɓa wa ɗalibi kwamfuta. Sam! A layinmu akwai shagunan da za ka miƙa aikin gidanka ka tafi cin gwate, kafin ka dawo an amsa an aika. Shi kuwa zai zaunar da kai, ya tsaya a bayanka, ya harɗe hannuwansa a baya kamar hedimasta, ya ce, "Oya, danna." Ka yi gumi, ka danna ba daidai ba, ka waiwayo kana roƙonsa da ido, ko gezau. Na ga mutane sun yi tsaki sun koma shagon gaba. Na ce masa, "Baba, wallahi taurin kan nan naka zai kore maka jama'a." Ya ce, "Ranar jarrabawa ni zan shiga in zauna musu?"

Ban gane nauyin maganar ba sai da Hadijatu ta zo.

Hadijatu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na wata ƙungiya, can bayan gari ta hanyar rugage. Ita kaɗai ke jin Fulatanci a cikin ma'aikatan, kuma saboda ita matan ruga ke yarda su zo haihuwa. Sababbin shugabannin asibitin suka ce duk wanda bai kawo digiri ba kafin shekara ta ƙare zai sauka daga muƙaminsa. Da ma tun kafin nan ta shiga jami'ar da difiloma, aka tsallake mata ajin farko, jarrabawoyinta duk na takarda da biro ne, ta kuma cinye su. Darasi guda ya rage, wanda dole kowa ya yi, shi kuma a kan kwamfuta ake rubuta shi. Ta zauna ta faɗi, ta sake zama ta sake faɗuwa, ba maki ko na magani. Zama ɗaya ya rage mata kafin wa'adin asibitin ya cika.

Ranar ina shagon Baba muna shan shayi ta shigo, idonta jawur. Ta ce, "Baba, kaina ne ya tsufa. An ce mini akwai masu gyara abu ta bayan fage. Ka taimake ni da sunan ɗaya." Baba ya ce, "Sista, ban san su ba, ba na kuma so in san su. Zauna tukuna in ga tsufan kan naki."

Ya buɗe mata jarrabawar gwaji, ya koma baya ya harɗe hannu. Baiwar Allah tana ja a hankali, amma tambaya bayan tambaya tana zaɓar daidai, Baba yana gyaɗa kai. Da ta amsa ta ƙarshe sai ta sunkuya ta danna makashin kwamfutar, ɗif, ta miƙe, ta mayar da kujera wurinta, ta gyara mayafi. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya harare ni. Ya bar ta sai da ta kai bakin ƙofa.

"Sista, ina za ki?"

"Ai na gama, Baba."

"Wa kika ba amsoshin?"

"Na bar su a ciki mana. Ba za su bi su kwashe ba?"

"To kashewar fa?"

"Haba Baba, a bar abu yana shan wuta bayan an gama da shi?"

Kun ji fa! Duk rayuwarta in ta gama jarrabawa kife takarda take yi a kan tebur ta fita, mai sa ido ya bi ya tattara. A asibitinsu kuma wutar sola suke lallaɓawa, ta saba kashe duk na'urar da ta gama aiki da ita. Aikin gidanta kuwa wani shago ke aika mata, don haka ba ta taɓa ganin maɓallin ƙarshen nan da ake dannawa amsa ta tafi ba. A zauren jarrabawa cike da jama'a, wa zai lura da mace mai natsuwa da ta tashi ta fita? Ni dariya ta kama ni, sai na ga hawaye na zubo mata, na haɗiye abina. Takaici ya ishe ni, mace ta san karatunta sarai amma ta yi shekara tana zagin kanta.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Kanki lafiya lau yake. Dawo ki kunna da hannunki." Daga ranar, duk lokacin da ta samu hutu takan hau keke mai ƙafa uku ta zo, ta yi gwaji tun daga kunnawa har aikawa, shi yana tsaye a bayanta yana cewa, "Kada ki tashi sai ta gaya miki ta karɓa."

Ranar jarrabawar ruwa aka wuni ana yi. Baba ya bar mini shago, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki lema ya je ya tsaya a bakin cibiyar. Shi ya ba ni labari da ya dawo, wandonsa sharkaf. Ya ce da ta fito bai tambaye ta ko tambayoyin sun yi wuya ba, cewa ya yi, "Kin aika?" Ta ce, "Na aika, Baba. Na zauna ina kallonta har sai da mai sa ido ya ce Hajiya a tashi haka nan." Da sakamako ya fito, ta ci da maki mai kyau. Ni na ɗinka mata kayan bikin yaye ɗalibai.

Yanzu ido ya fara ba Baba matsala, ƙarshen watan nan zai miƙa shagon ga 'yarsa Firisila ya koma ƙauye noman dankali. Shi ya sa na ce ba zan bari ya tafi shiru ba.

Baba Hezekiya, kai ne malamin da ba a taɓa kiran sunansa a taron yaye ɗalibai ba, alhali da yawa cikin masu sanye da rigar digirin nan a shagonka suka koyi riƙe maus. Kai ne ka yarda a ji haushinka yau don kada mutum ya ji kunya gobe. Ba ka taɓa tambayar ɗalibi coci yake zuwa ko masallaci kafin ka jawo masa kujera ba. Na gode, maƙwabci. Duk tsiyar da na yi maka na janye ta, kuma zan yi kewarka ƙwarai.

Ku kuma masu shagunan kwamfuta na garin nan, don Allah ku yi koyi da shi. Ku daina yi wa iyayenmu da yayyenmu aikin da za a tambaye su ranar da ba kwa kusa. Ku zaunar da su ku koya musu, ko da zai ci muku lokaci.

Baba, kafin ka hau mota ga saƙon da Hadijatu ta ce in isar maka. Tana nan a asibitinta, ba wanda ya taɓa muƙaminta. Shekaranjiya aka kawo mata wata mata daga ruga a kan babur, naƙuda ta zo da gardama, matar ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta sai Hadijatu. Tagwaye ne, kuma su da uwarsu duk suna lafiya.