Takardar da Ta Biyo Maigidana Daga Sudan

Shekararmu ta huɗu a unguwar Jarwal ta Makka takardar ta iso. Maigidana a lokacin ruwa yake ɗauka yana kai wa gidaje. Da hantsi wani askari, wato ɗan sanda, ya tsaya a ƙofarmu, ya ce hukumar Sudan na nemansa, an aiko ta Jidda a kama shi a mayar.

Na san laifin. A hanyarmu ta zuwa mun yi aikin auduga a can, wani mai duba ma'aikata ya ture wata tsohuwa ta faɗi, maigidana ya shara masa mari. Aka ba shi sammaci, mu kuwa muka ƙetare teku kafin ranar.

Lokacin da askarin ya zo maigidana ya tafi aiki, don haka na ruga wurin dattijon unguwarmu, wani Basakkwace mai sayar da turare, wanda ya fi shekara talatin a Makka.

Na ce, "Baba, ka taimaka mu ɓoye shi a Mina."

Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya ɓuya yau, gobe ma ɓuya zai yi. Ni zan kai shi da hannuna."

Raina ya ɓaci, amma haka aka yi. Ya rufe shagonsa, ya nemo maigidana, ya riƙe hannunsa har gaban babban ɗan sanda, ni ina biye. Ya roƙa a karanta takardar a fili. Da aka gama ya ce da Larabcinsa mai nauyi, "Mari ɗaya ne, bai yi kisa ba, bai yi sata ba. A kan wannan za a raba mutum da iyalinsa? Ku tambaye shi dalili."

Maigidana ya faɗi gaskiya, bai rage komai ba. Aka tsare shi kwana tara ana jiran amsa daga Jidda. Kullum dattijon nan yana zaune a inuwar bangon ofishin, cikin zafin da ke ƙona tafin ƙafa, yana gaida kowane jami'i. A ƙarshe aka ce laifin bai kai a mayar da mutum wata ƙasa ba. Dattijon ya dangwala yatsa ya tsaya masa, aka sake shi.

Washegari muka je godiya. Ya tambaye ni ko na daina fushi da shi, sannan ya sa aka kawo mana shayi.