Mai jakin da ke bakin rijiya

Wani littafi nake karantawa kwanan nan, wanda Mariama abokiyar aikina a likitar Mayahi ta ara mini. Jarumin ciki ya kashe mutum goma a shafi guda, ko numfashinsa bai sauya ba. Na rufe shi na ajiye.

"Bai miki daɗi ba?" in ji Mariama.

Na ce mata kakata ce ta ɓata mini irin waɗannan littattafai.

A ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun kakata Inna Tsahara, tana gasa mana gujiya a toka. Takan ce, "Ga ta nan tahe, wanda ya yi barci ya yi asara."

Ran nan ta ba mu labarin Ɗan Jimma. Ɓarayi sun kore shanun garinsu, ya ɗauki gatari ya bi sawu kwana uku, ya cim musu suna shayarwa a wata rijiya. Na fari ya tsaga masa kai har haɓa. Na biyu ya sare shi a wuya, jini ya cika kwamin shan ruwa, shanu suka ja da baya. Na uku ya ruga, ya datse masa agara, ya ƙarasa shi yana roƙo. Mu kuwa muna ta ihu muna tafi. Na huɗu wani mutum ne riƙe da guga, jakinsa a gefe. Ya buɗe baki zai yi magana, gatari ya riga shi.

Ɗan Jimma ya komo da shanu har da jakin, gari ya yi kiɗa. Ranar kasuwa wata mata ta iso tana cigiyar mijinta, mai tallan gishiri, wanda ya tsaya shan ruwa bai dawo ba. Ta ga jakin a ɗaure. Ɗan Jimma ya ajiye gatarin a gabanta, ya ɗora hannunsa bisa turmi. Ta ɗaga ta sare shi daga wuyan hannu, ta kwance jakinta ta tafi.

Na fashe da kuka. "Inna, ai shi ya maido shanu!"

Ta hura toka daga gujiya ta miƙo mini. "Ya maido su, ɗiyata. Duka ya maido. Ci abinki."

Shekaru na yi ina jin haushin matar nan. Bara da kaka aka yi faɗa kan gona, aka kawo mana wani mutum a likita an sare shi a wuya. Ba shi da gona a wurin, ba shi da saniya, motonsa, wato babur, ya tsayar yana tambayar hanya. Na danne jijiyar da hannu biyu har ya cika.

Da safe matarsa ta zo. Ba ta tambayi wanda ya sare shi ba. Takalmansa ta nema, ta ce sababbi ne, ranar ya fara sa su.