Shekarar da Injin Masara Ya Cinye Min Baftisma

A cocinmu sau ɗaya ake baftisma a shekara, a rafi, dab da Kirsimeti, in Rabaran ya zo daga Tudun Wada. Kafin nan sai ka yi aji na wata uku, kowace Lahadi bayan an tashi sujada. Wanda ya tsara abin haka ban san ko ya taɓa riƙe fartanya ba, don watannin nan uku su ne dai kaka. Ni kuwa aikina injin casar masara.

Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi faci, na yi acaɓa, na yi karen mota a Kwanar Ɗangora. Injin nan ne kawai ya riƙe ni, wataƙila don shi ma ba ya zama: yau muna Doguwa, gobe an ɗora shi a mota sai Badafi. Sa'o'ina duk an yi musu baftisma. Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa a coci, in aka ce waɗanda ba su yi ba su fita, ni kaɗai ne mai gemu a cikin masu fita. Inna tana ɓangaren mata, ba ta ɗaga kai. Shi ya sa a shekarar na ba da sunana.

Mai injin Alhaji ne, kuma bai taɓa hana ni ba, wannan ina so a sani. Da na gaya masa, cewa ya yi, "Lahadi taka ce, je ka yi ibadarka." Sai dai masara ba ta san Lahadi ba. Mutum ya ɓare masararsa ya tara a gona, shanu na zagaye, sai ya kira ni da sassafe: "Don Allah ɗana, 'yar kaɗan ce, kafin hantsi kun gama." Ni kaɗai na san kan injin in totuwa ta shaƙe shi. Sai in ce to. Hantsi ya zama azahar, in iso coci an rufe ƙofa.

Abokin aikina, mai zuba masara a bakin inji, wani Bafulatani ne mai tsokana, Bishof yake ce min. Shi da wani lebura da muke aiki tare, in lokacin salla ya yi, hannu kawai yake ɗaga min in kashe inji. Su zuba ruwa daga jarka, su shimfiɗa buhunan da ba a cika ba. Ban taɓa jin wani ya ce a bari a ƙarasa ba, ko da kwando ɗaya ya rage.

Wata rana ya sallame yana karkaɗe goshi ya ce, "Bishof, kai wa yake yi maka kiran salla ne? Ko waya ake bugo maka daga sama?"

Na ce, "Mu a ko'ina muna addu'a. Ko a kan inji."

"Ashe shi ya sa ban taɓa ganin ka yi ba. Ƙarar ce ta rufe."

Aka yi dariya, har da ni. Amma maganar ta zauna min. Na ce shi ke nan, duk sanda suka ta da salla ni ma zan ciro ɗan littafin ajin in karanta, in yi addu'a. Ranar farko na yi. Rana ta biyu na ga bel ɗin inji ya saki, na ce bari in ɗaure tunda inji a kashe yake. Ta uku giris. Daga nan waya. In inji ya mutu kunnena yakan ɗauki wani zuuu, hannuna ya hau neman abin taɓawa. In na rufe ido na ce "Ya Uba," kafin kalma ta gaba ina tunanin ko man zai kai mu la'asar. Ba wanda ya riƙe ni. Ni dai na kasa.

Sau huɗu na shiga ajin. Duk da haka Fasto ya ce in zo ranar Asabar da dattawa za su yi tambayoyi, su za su yanke. Kaina yana ja, a bayan mota na haddace littafin kaf. Na shiga da ƙaiƙayi a gashina, dattawa uku a kan benci. Duk abin da suka tambaya na amsa, har na fara jin daɗi. Sai wani tsoho, aminin marigayi babana, ya gyara sandarsa.

"Ɗana, karatu kam ka iya. Yaushe rabonka da durƙusawa kai kaɗai? Ba a coci ba, ba don uwarka na kallo ba."

Da na ce jiya, da an wuce wurin. Na buɗe baki in faɗa, ya ƙi fitowa. Na lalubi makon nan, na lalubi wanda ya wuce, na koma har damina.

Na ce, "Baba, ban tuna ba."

Suka dubi juna. Tsohon ya ce, "Rafi ba ya gudu. Baɗi, in Ubangiji ya kai mu."

A gida na tarar Inna ta karɓo farar riga daga tela, ban ma san ta kai ɗinki ba. Da ta ga fuskata ta ninke ta ta sa a ƙasan akwati. Abin da ta ce kawai, "Ka ci abinci?"

Washegari na bi masu baftisma rafi. Na tsaya a gaɓa, zumuntar matan coci na buga tulu suna waƙa, Rabaran a ruwa har ƙugu yana nitsar da su ɗaya ɗaya. Na ce wa kaina ko wannan dai zan tsaya har a yi addu'ar rufewa. Waya ta hau rawa a aljihuna. Na danne ta, ta sake. A karo na uku na ja baya na ɗauka. Wani dattijo ne daga wajen Kiru, wai shanu sun fara taɓa masa tarin masara.

Saura mutum biyu a layi. Na ce, "Gani nan, Baba."