Sarewar Nasara da Na Sa Aka Jiƙa

Shekarun baya, da daɗewa ƙwarai, lokacin da ake ta shirin karɓar mulki daga hannun Turawa, ni kaɗai ne mai sarewar Nasara a garinmu, can ƙasar Bagudo. Abin busar nan ne da ƴan boko ke kira hamonika, ɗan ƙarfe mai ramuka a jere, in ka busa ya yi kuka, in ka zuƙa ya yi wani kukan daban. Yayana da ke aikin jirgin ƙasa a kudu ya kawo mini ita tsaraba. Ƴar Jamus ce, tana sheƙi, da gidanta ja mai laushi a ciki, kuma ya tabbatar mini kuɗinta ya isa sayen tunkiya. Wannan maganar ta tunkiya babu wanda ban faɗa wa ba a garin.

A lokacin ina koyon ɗinki a kasuwa. Da an yi la'asar sai in fito bakin rumfa, in buɗe jan gidan nan a hankali don kowa ya gani, in goge ta da gefen riga, sannan in kai baki. Waƙa huɗu na iya, kuma ta huɗun rabi ce. Amma tunda babu wanda ya san yadda ya kamata abin ya yi kuka, ni ne gwani, har in na wuce ana cewa ga mai sarewa nan. Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Ina da aboki, tare muka tashi. Shi korar jakuna yake yi wa kawunsa. Su ɗora busasshen kifi da albasa, su ƙetare Kwara, su bi daji har kasuwannin Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Binin, su dawo da gishiri. Wata rana ya dawo daga irin wannan tafiya, ko ƙurar hanya bai wanke ba ya zo rumfarmu da wani abu ƙunshe a tsumma. Ya kwance yana murmushi, sai ga sarewar Nasara. A teburin wani Bayarabe ya gan ta, tsakanin kwaɗon ƙofa da madubi, ya saye ta a kuɗin kaza ɗaya.

Na karɓa na juya. Babu suna a jikinta, babu gida. Murfinta siriri, in ka matsa yana lotsawa. A gefenta na dama akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa da yatsa, yana shiga yana dawowa da ƴar ƙara. Na busa, rabin iskar ta fice ta gefe, sai da na ga jiri kafin in samu murya ɗaya mai kyau, ga ɗanɗanon tsatsa a harshe. Hankalina ya kwanta. Na miƙa masa ina dariya.

Na ce, "Aboki, wagga ai gwangwanin kihi ta, ba sarewa ba. Araha ba ta ado."

Ya ce, "Awo, na jiya. Kai dai gwada min inda a ka sa baki."

Na gwada masa, kuma da zuciya ɗaya, don tausayin na ƙasa da kai abu ne mai daɗi. Maɓallin nan kuwa na ce masa ya rabu da shi, ado ne kawai aka yi don a yaudari ƙauyawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mai korar jaki yana da lokaci. Ni awa ɗaya nake samu bayan la'asar. Shi kuwa yini yake yi a bayan jakuna, babu mai ce masa ya dame shi. Kafin damina ta ƙare ya fara fitar da abubuwan da ban taɓa jin sun fito daga irin wannan ƙarfe ba. Busar Fulani makiyaya, waƙar masu jirgin ruwa ta Zabarmanci, har da kiɗan da ya ji a rediyo a can Dahome, ƙasar da Faransa ke mulki. Ashe maɓallin da na raina shi ne duk sirrin. In ka tura shi, kowane rami sai ya ba da wata murya da ke tsakanin tasa da ta maƙwabcinsa. Tawa mai kuɗin tunkiya ba ta da wannan. Muryarta ta fi zaƙi, ta fi ƙarfi, amma abin da aka zuba mata tun daga Jamus shi kaɗai take iya faɗa.

Mutanen da ke tsayawa a rumfarmu suka fara tambayata, "Ina abokin naka? Yaushe za shi dawo?" Ina amsawa ina murmushin yaƙe.

Ana cikin haka hedimastan makarantar elemantare ya aiko a kira ni. An aiko masa da sabon taken ƙasa, ya koya wa yara, kuma za su rera shi ranar bikin ƴancin kai a gaban hakimi da jama'ar gari. Makarantar ba ta da kayan kiɗa sai ganga ɗaya, yana son wanda zai tsaya gaba ya busa musu don kada kowa ya kama tasa hanya. Tun kafin in je wurinsa na yanki yadi kore da fari na ɗinka wa kaina riga. Ku lura, ba a riga an zaɓe ni ba.

Abokina ya raka ni. Shi ya riƙe mini jan gidan ma, ya zauna can bakin taga. Malam ya rera, ina binsa da busa, komai na tafiya daidai, sai muka zo wani wuri a tsakiyar waƙar. Na busa wannan rami, ya yi ƙasa. Na koma na gaba, ya yi sama. Muka sake, muka sake.

Na ce, "Malam, anya ba kuskure anka yi wurin rubuta waƙar ga ba?"

Kafin Malam ya amsa, daga bakin taga sai muka ji an busa layin nan tun daga farko, a hankali, da ƴar shassheƙar iska. Da aka zo wurin, na ji ƴar ƙarar maɓalli, muryar da na rasa ta fito ta zauna daram a mazauninta. Malam ya juya gaba ɗaya, ya ce, "Sake mu ji." Abokina ya sake, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi laifi.

Hukuncin Malam ya fi mari ciwo. Abokina zai tsaya gaba. Ni zan tsaya bayansa in ƙara masa ƙarfi, in an zo wurin nan sai in yi shiru, in an wuce in ci gaba. Sai dai Malam ya ƙara da cewa abu ɗaya ke damunsa, sarewar abokina ba ta da murya, a fili ba za ta wuce layin farko ba. In ba a samu dabara ba kafin ranar, to dole a koma kan tawa, a lallaɓa wurin nan haka nan.

Ranar ban ci tuwo ba. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Mi ka damunka? Ko masassara ta?" Na ce mata ciwon kai ne. Hassada ce, tsagwaronta, kuma na san sunanta tun a lokacin.

Saura kwana biyar biki, abokina ya same ni a rumfa. Ya ce, "Aboki, kai ka san kan abin ga. Mi za ni yi ta ƙara murya?"

Ranar da yayana ya ba ni tawa, gargaɗi ɗaya ya yi mini. Ya ce kada in kuskura ruwa ya taɓa ta, don cikinta katako ne. In ya sha ruwa zai kumbura ya toshe duk inda iska ke fita, ta yi ƙara ta kwana ɗaya kamar sabuwa, in ya bushe kuma ya tsage, shi ke nan ta mutu. Wannan maganar tana kaina lokacin da na dubi abokina, ido cikin ido, na ce ya samu ƙwarya ya cika da ruwa, ya tsoma ta ciki ta jiƙa sosai. Na ce haka sojoji ke yi. Lissafina shi ne ya jiƙa ta yau, ta yi masa ƙara gobe, kafin ranar biki ta zama itacen hura wuta.

Ya yi godiya har da riƙe mini hannu. Washegari suka tafi Dahome da kaya. Kwana huɗun nan na yi su ina ɗinki ina jiran labari, har na gama shirya fuskar jaje da zan yi masa.

Da safiyar biki ina tsaye a filin makaranta cikin rigata kore da fari, sai ga shi tafe da ƴar ƙwarya a hannu, ruwa na ɗiga. Sarewar tana kwance a ciki.

Ya ce, "Na aje dabarar taka sai yau. Ai ba a sa rigar salla kahin salla."

Ya ciro ta, ya kakkaɓe a tafin hannu, ya kai baki. Wallahi sai da yaran layin baya suka waiwayo. Katakon ya kumbura ya toshe kowace kafa, ƴar gwangwanin nan ta buɗe murya yadda ko tawa ba ta taɓa yi ba. Illa ɗaya aka samu, kumburin ya matse maɓallin. In ya tura ba ya dawowa, sai ya sa farce ya fizgo shi. Ni da ke bayansa ina ganin komai. Aka rera taken sau uku, don hakimi ya ce a maimaita, kuma a na biyun farcen ya tsage. Jini ya bi yatsa ya gangaro har gwiwar hannu, bai tsaya ba, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ni kuwa ina yin aikina, in an zo wurin nan in yi shiru.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni na ɗauko takin da kaina na kai har gona. Hakimi ya aiko masa da hula. Makonni aka yi ana zancen busar nan a kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wanda ya yaba masa sai ya nuno ni ya ce, "Dabarar abokina ta, ba don shi ba da ba wanda za shi ji ni." Mutane su zo su ce Allah ya bar zumunci, in ce amin.

Kwana huɗu bayan biki ya zo rumfa da tsumman nan. Katakon ya bushe, ya tsage tun daga wannan kai har wancan. Ya busa mini, iska kawai ke fita.

Ya ce, "Ka yi gaskiya tun hwarko, aboki. Araha ba ta ado. Ta dai yi min rana guda."

Na ce Allah ya mayar da alheri. Na bar ƴar sarewar nan ta ɗauki laifina, ita da ba ta da bakin kare kanta. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, ba ta da wani aibu da ya wuce cin iska da tauri, kuma duk wannan ya riga ya saba da shi. Da na bar ta, da ta yi masa shekaru. Ya nemi wata a duk kasuwar da suka je, har Kamba ya sa aka duba masa. Bayaraben ya tashi, kuma irin mai maɓallin da aka samu daga baya kuɗinta ba na mai korar jaki ba ne. Na taɓa miƙa masa tawa, ya ce a'a, tsarabar yaya ba a kyauta da ita. Daga baya ya yi aure, ya koma Geza ya kama noma, bai ƙara busa ba. Ni na koma mai sarewa ni kaɗai kamar da, sai dai abin ya fita raina, kafin shekara ta zagayo na daina fito da ita.

Sai da muka yi furfura na iya buɗe baki. Na je Geza sunan jikarsa, bayan an watse muna zaune gindin bishiya muna ɓarar gyaɗa, na faɗa masa komai. Gargaɗin yayana, da lissafin kwana biyar, da fuskar jajen da na shirya. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran ko zagi ko yafiya, duk wanda ya zo ina so.

Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Kai? Kai da kak koya min inda a ka sa baki? Tsuhwa ta hwara taɓa ka."

Na ce wallahi da gaske nake.

Ya ce, "Bar rantsuwa, ci gyaɗa. Ni na san abokina. Wanga da kaka hwaɗi, ban san shi ba."

Bai ƙara bari na tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa. Na je neman yafiya na dawo da kayana, don ba a yafe laifin da aka ƙi yarda an yi.

Mutane kan ce hassada tana gushewa in an girma. Tawa wuri kawai ta sake. Busar tasa na daɗe da daina jin haushinta, in ta faɗo mini a rai ma daɗi nake ji. Abin da nake ƙyashi yanzu daban ne. Mutumin nan ya yi rayuwarsa kaf da aboki nagari, mai ba da shawara tsakani da Allah, wanda ba ya baƙin ciki da ci gaban ɗan'uwansa. Ya zauna da shi, ya yi alfahari da shi, ya mutu yana sonsa. Sunana ne da wannan abokin, fuskata ce da shi, amma ni ban taɓa samun zama da shi ko na yini ɗaya ba.